Tarihin Cicely Saunders, Mai Jinyar Waɗanda Likita Ya Sallama

Sa'ad da Malamin Hausa ya ce kowa ya zaɓi wani shahararren mutum wanda ya riga mu gidan gaskiya ya rubuto tarihinsa saboda mujallar makaranta ta bana, sai 'yan ajinmu suka yi ca a kan su Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da Sardauna. Ba su yi laifi ba, don kuwa in gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. To, da na ga gida ya ƙoshi har da saura, ni sai na tsallaka teku na ɗauko wata Baturiya Kirista. Kafin wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska, bari in faɗi dalilina.

Bara waccan kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya kamu da ciwon daji a ciki. Aka kai shi wani babban asibiti. Bayan 'yan kwanaki likita ya ja babana gefe ya gaya masa a koma da tsohon gida, babu sauran abin da za a iya yi. Aka dawo da shi Sanyinna, lokacin kuwa muna hutun damina. Wajen kulawa dai ban ga abin da aka rage masa ba. Zaure bai taɓa rabuwa da masu dubiya ba, kakata tana zaune da mafici dare da rana, baffannina suna karɓa-karɓa wajen karanta masa Yasin, in leɓensa ya bushe a jiƙa auduga a ɗiga masa ruwa. Amma zafin ciwon nan babu wanda ya iya taɓa shi. 'Yan ƙwayoyin da ake sayowa a kemis kamar ana zuba ruwa ne a rairayi. Da dare yakan cusa bakin rigarsa a baki ya cije, wai don kada mu jikoki mu ji nishinsa, mu kuwa muna ji. Haka ya yi kusan wata biyu kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, amin. Bayan addu'ar bakwai ne wata gwaggona, ma'aikaciyar jinya, ta ce da ni akwai wata mata da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da wannan magana ta babu abin da za a iya yi. Tun daga ran nan nake bin labarinta.

An haifi Cicely Saunders, wadda zan riƙa rubutawa Sisili yadda bakinmu zai iya, ran 22 ga watan Yuni 1918 a Barnet, arewa da birnin Landan a Ingila. Ubanta, Gordon Saunders, mai hali ne, sana'arsa dillancin gidaje da filaye. Ita ce 'yar fari, tana da ƙanne maza biyu. Dukiya dai akwai, amma jituwa tsakanin uwa da uba babu, har daga baya suka rabu. Tun tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, ta kuma ƙare a wata shahararriyar makarantar 'yan mata da ake kira Roedean. Ga ta doguwa ta fi sa'o'inta, ga kunya, ga shi ƙashin bayanta ya ɗan karkace har ana sa ta kwanciya a ƙasa kowace rana wai don ya miƙe. Duk wanda ya taɓa zama sabon shiga a makarantar kwana ya san yadda ake ji in kowa yana da abokin hira ban da kai. Ina jin a nan ta fara koyon tausayin wanda aka ware.

A 1938 ta shiga Jami'ar Oxford tana karatun siyasa da falsafa da tattalin arziki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ta ga zaman aji bai dace da ita ba, ta ajiye littattafai a 1940 ta shiga makarantar koyon jinya ta Asibitin St Thomas a Landan, watau makarantar da Florence Nightingale ta kafa. Aikin ya shiga ranta ƙwarai. Sai dai bayan nan nata bai bar ta ba. Ɗaga marasa lafiya da tsayuwar dare suka tsananta ciwon, har a 1944, tana gama samun takardar shaidarta, likitoci suka ce ta bar aikin. Ta koma Oxford ta ƙarasa digirinta, sa'an nan ta koyi wani aikin asibiti dabam, na jami'ar da ke duba matsalolin majinyata na gida da na kuɗi. Ta fara shi a 1947.

A tsakanin nan ne wani abu ya faru wanda in an cire shi ba za a gane sauran labarin ba. Gidansu Sisili ba masu riƙon addini ba ne, ita ma ta daɗe tana waswasi ko akwai Allah ko babu. A 1945 ta bi waɗansu ƙawayenta Kiristoci hutu zuwa Cornwall, a can bakin teku, a nan zuciyarta ta natsu ta kama addinin Kirista hannu biyu. Tun daga sa'an nan kullum addu'arta ita ce Allah Ya nuna mata aikin da Yake so ta yi. Ta yi shekara biyu da wani abu tana jira.

Amsar ta zo mata ta inda ba ta zata ba. Cikin majinyatan da aka ba ta ta duba akwai wani mutum, David Tasma, Bayahude daga birnin Warso na ƙasar Polan, mai aikin kai abinci a wani gidan cin abinci a Landan. Shekararsa 40, ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa, kuma kusan ba shi da kowa a Ingila. Da aka kwantar da shi a Asibitin Archway, Sisili ta riƙa zuwa wurinsa a kai a kai har wajen wata biyu. Ita ce ma ta gaya masa gaskiya cewa ba zai tashi ba, da ya tambaye ta. Babban abin da ke damunsa shi ne ganin zai bar duniya bai tsinana kome ba. Suka yi ta hira a kan irin gidan da ya kamata a gina wa mutane irinsa, inda za a rage musu zafi, a kuma ba su sarari su shirya tafiyarsu. Wata rana ya roƙe ta ta faɗa masa abin da zai sanyaya masa rai. Saboda sanin shi Bayahude ne sai ta karanta masa waɗansu surori na Zabura da ta haddace. Da ta ce bari ta buɗe littafi ta ƙara masa, ya hana ta, ya nuna shi abin da ke cikin kanta da zuciyarta kawai yake so. Wannan magana ta zauna mata har tsufa. Ta fassara ta da cewa mai jiran ajali yana bukatar abu biyu tare, ilmin da ke kai da ƙaunar da ke zuci. David ya rasu a watan Fabrairu 1948, bayan ya gaya wa babbar nas ta ɗakin cewa ya shirya da Ubangijin kakanninsa. Ya bar wa Sisili fam 500, ya ce shi zai zama taga a gidan da za ta gina.

Fam 500 dai ba ta gina asibiti, ita kuwa ko fili ba ta da shi. Abin da ta fara yi shi ne aikin sa kai da yamma a wani gida da ake kira St Luke a unguwar Bayswater, inda ake kwantar da matalauta waɗanda ciwonsu ya gagara. A nan ta ga wata dabara da ba ta gani a manyan asibitoci ba. Akwai wani magani mai ƙarfi na kashe zafi da ake kira mofin. A asibitocin wancan zamani ba a ba majinyaci shi sai ya yi ta kururuwa, sa'an nan a zo a yi masa allura, ya yi barci kamar matacce, ya farka cikin azaba, ya sake roƙo. Likitoci suna tsoron kada ya zame masa jaraba. A St Luke kuwa ana ba da shi ne ta baki, gwargwadon bukata, bisa agogo, tun kafin zafin ya dawo. Sai ga majinyata suna zaune suna hira da hankalinsu.

Sisili ta so ta koma aikin jinya sosai. Wani likitan fiɗa da take aiki da shi, Norman Barrett, ya ba ta shawara ta je ta karanta aikin likita, domin a ganinsa likitoci ne suke guje wa masu mutuwa, kuma ba za su saurari nas ba kome gaskiyarta. Jama'a, a nan ne matar nan ta burge ni. A 1951, tana da shekara 33, ta koma aji ta zauna da yaran da suka fito sakandare, tana fama da kimiyyar da ba ta taɓa karantawa ba. Mu nan in an ce mutum ya maimaita aji ɗaya sai ya ce shi ya bar boko ke nan. Ta zama likita a 1957.

A 1958 ta fara aiki a gidan St Joseph da ke Hackney, unguwar talakawa a gabashin Landan. Sistoci 'yan ɗarikar Katolika daga ƙasar Ailan ne suka buɗe shi tun 1905. Turawa suna kiran irin wannan gida hosfis. Asalin kalmar kuwa tun zamanin da ne, lokacin da masu zaman zuhudu na Kirista suke gina masauki a kan hanyoyin masu ziyarar ibada, inda matafiyi zai sauka ya huta, in ba shi da lafiya a yi jinyarsa. Da Hausa ni dai ban ga abin da ya fi kama da shi ba kamar zango. Sistocin nan sun iya jinya da haƙuri, amma ilmin magani ya yi musu ƙaranci. Sisili ta kawo musu tsarin ba da mofin kowace awa 4. Ta yi shekara 7 a wurin, ta rubuta bayanin majinyata 1,100 ɗaya bayan ɗaya, abin da aka ba kowa da yadda ya ji. Da wannan ta nuna wa likitoci cewa in an bi ƙa'ida maganin ba ya zame wa mai ciwon daji jaraba, ba ya kuma gusar masa da hankali. A nan ina roƙon iyayenmu kada su haɗa wannan da ƙwayoyin da samari ke afawa a bakin tasha. Wancan ɓarna ce, wannan kuwa likita ne yake aunawa ya ba wanda ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ba ta tsaya kan magani kaɗai ba. Takan ɗauki rikoda ta zauna bakin gado ta bar majinyaci ya yi ta magana. Wata mata ta taɓa gaya mata cewa ciwon a baya ya fara, amma yanzu ji take kome nata ya lalace, daga nan ta zarce da zancen mijinta da ɗanta waɗanda za su bar aiki su rasa albashi in ta koma gida. Daga irin waɗannan hirarraki ne Sisili ta fito da wani bayani a 1964, cewa zafin mai jiran ajali dunƙulalle ne. Akwai na jiki, akwai na tsoro da baƙin ciki, akwai na tunanin iyali da bashi, akwai kuma na tsakaninsa da Mahaliccinsa, duk kuwa a cuɗe suke, in an bar ɗaya sai ya hura wa sauran wuta. Da na karanta wannan sai na tuna Baba Tsoho. Ran da ya fi samun barci ita ce ran da aka kira wani maƙwabcinsa da suka daɗe suna jayayya a kan iyakar gona suka yafi juna.

Ita kanta ba ta tsira daga baƙin ciki ba. A 1960 ta shaƙu ƙwarai da wani majinyaci a St Joseph, Antoni Michniewicz, shi ma mutumin Polan, ya rasu a hannunta. Shekara ba ta zagayo sosai ba ta rasa wata aminiyarta da ta daɗe tana jinya, ta kuma rasa mahaifinta a 1961. Ta daɗe ba ta warware ba. Daga baya ta nuna cewa wannan ne ya sanar da ita halin waɗanda ake mutuwa a bari, shi ya sa aikinta bai ƙare a kan gawa ba, har da bin iyalan mamaci bayan an yi jana'iza.

Tun a watan Yuni 1959, tana karatun ibadarta na safe, ta ci karo da wata aya ta Zabura sura 37 mai umurni da a miƙa al'amari ga Ubangiji a dogara gare Shi. Ta ɗauka lokacin fara ginin ya yi. Ta rubuta tsarin gidan, ta shiga rubuta wasiƙu da yawon neman taimako har Amurka. Sai kuma wata babbar tambaya ta taso, wadda na san iyayenmu ma za su yi: shin ba dabara ce ta juya wa mutane addini sa'ad da ba su da ƙarfin musu ba? Gaskiya ita ce da farko Sisili mai zafin wa'azi ce, ta kuma yi tunanin kafa ƙungiyar masu zaman ibada su riƙe gidan. Amma zama bakin gadon Bayahude da 'yan Katolika da waɗanda ba su yarda da kome ba ya sauya mata tunani. Ta yanke shawara cewa tushen gidan na Kirista ne, da ɗakin ibada a ciki, amma ƙofarsa a buɗe take ga mai kowane addini da marar addini, ma'aikaci ko majinyaci, kuma ba za a tsare kowa da wa'azi ba. Abin da ta ɗauka daga Linjila ta mai da shi ginshiƙin aikin shi ne labarin da Kiristoci suke bayarwa na daren da Yesu Almasihu, wanda mu muke kira Annabi Isa, ya shiga matsanancin baƙin ciki a gonar Jatsaimani, ya roƙi almajiransa su zauna a faɗake tare da shi, su kuwa barci ya kwashe su. A fahimtarta ba a ce su kawar da abin da ke tafe ba, ba a ce su yi bayaninsa ba, cewa aka yi kada su tafi. Ni Musulma ce, akwai inda aƙidarmu ta rabu da tasu a kan wannan labari, amma zama kusa da mai jinya ba baƙon abu ba ne gare mu, haƙƙi ne da aka ɗora mana.

An buɗe gidan a watan Yuli 1967 a unguwar Sydenham, kudu maso gabashin Landan, da gadaje 54, shekara 19 bayan rasuwar David Tasma. Aka sa masa suna St Christopher, sunan wani waliyyin Kiristoci da suke cewa yana goya matafiya ya ƙetarar da su kogi. Gidajen jinyar masu jiran ajali sun riga shi, amma shi ne na farko da ya haɗa jinya da koyarwa da bincike wuri guda. Akwai lambu, akwai manyan tagogi, jikoki suna shigowa su hau gadon kaka, har da wurin renon 'ya'yan ma'aikata don a riƙa jin muryar yara. A 1969 ta fara tura ma'aikatan jinya gidajen mutane, saboda ta gane da yawa sun fi son ajali ya same su a ɗakinsu. Wannan sashe ne na fi yi wa kwaɗayi. Da a ce akwai mai zuwa Sanyinna ko da sau biyu a mako da kwalbar maganin nan, da Baba Tsoho bai cinye bakin rigarsa ba.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Waɗanda suka yi aiki da ita sun shaida mace ce mai kafiya, in ta sa abu a gaba ba ta jin bari, ƙananan ma'aikata ma suna shakkarta. Ta kuma yi ta jayayya da masu neman a kafa dokar da za ta ba likita izinin ƙarasa majinyacin da ya gaji da rai. Ta ƙi wannan har ƙarshen ranta, bisa addininta da kuma abin da ta gani, cewa yawancin masu roƙon mutuwa zafi ne da kaɗaici suke sa su, in an magance waɗannan sai roƙon ya kau.

Aikin ya bazu. Florence Wald ta buɗe irinsa a Amurka a 1974, likita Balfour Mount ya shigar da shi cikin babban asibiti a Kanada, a Afirka kuwa aka fara a Zimbabuwe a 1979. A 1987 Ingila ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa cikin aikin likita. Wata likita, Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aiki a kudancin Nijeriya, ta kafa irinsa a Yuganda a 1993, inda ake dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba a kai wa majinyata har ƙauye da araha. A ƙasarmu ma an buɗe sashen irin wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan. Ita kuwa Sisili ta sha lambobin girma, ciki har da kyautar Templeton a 1981 da wata babbar lamba da Sarauniyar Ingila ta ba ta a 1989.

Aure bai zo mata da wuri ba. A 1963 ta ga wani zane a wurin nuni ya burge ta, ta saya, ta rubuta wa mai zanen wasiƙar godiya. Ashe shi ma mutumin Polan ne, Marian Bohusz-Szyszko. Suka yi aure a 1980 tana da shekara 61, zane-zanensa suka cika bangayen gidan. Da tsufa ya kama shi ita ta yi jinyarsa, ya rasu a St Christopher a 1995. Ta sauka daga shugabancin likitocin gidan tun 1985, amma ba ta daina zuwa ba. Daga baya ita ma ciwon daji ya kama ta a nono, ya bi ƙashi. Aka kwantar da ita a ɗaya daga cikin ɗakunan gidan da ta gina, ma'aikatan da ta koyar suna ba ta magani bisa agogo yadda ta tsara. Ta rasu ran 14 ga watan Yuli 2005 tana da shekara 87. A kusa da ƙofar shiga gidan an sa wata taga ta gilashi fari, ba zane ba ado, da ɗan allo mai ɗauke da sunan David Tasma.